Tsakanin Yin Haƙuri da Haƙura: Tsokaci a Kan Ranar Gandhi

Gabatarwa

Makon farko na watan Oktoba yana ɗauke da ranaku uku waɗanda ya kamata duk mai shirin zama malami ya san da zamansu. Ranar 1 ga wata ita ce ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai a shekarar 1960. Ranar 5 ga wata kuwa ita ce Ranar Malamai ta Duniya. A tsakaninsu akwai ranar 2 ga wata, wadda ba mu cika kula da ita ba, domin sau da yawa a ranar ce muke komawa bakin aiki bayan hutu. A ƙasar Indiya kuwa, a wannan rana ce ake rufe makarantu da ofisoshi da bankuna domin tunawa da haihuwar Mohandas Karamchand Gandhi, mutumin da ya jagoranci fafutukar ƙwato 'yancin ƙasar daga hannun Turawan Ingila ba tare da ya ɗauki makami ba. Mutanensa suna kiran sa Mahatma, wato mai girman rai, wasu kuma su ce Bapu, wato baba.

Ni fannina nazarin harshe ne, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga wannan batu. Shekaru da dama ke nan nakan ba ɗalibaina na darasin fassara wani ɗan aiki. Nakan bayyana musu aƙidar Gandhi a taƙaice, sannan in ce su samo mata suna da Hausa. Mafi yawansu sukan rubuta "haƙuri". Wannan amsa tana da ƙamshin gaskiya, amma akwai rami a ƙarƙashinta. Manufar wannan muƙala ita ce ta nuna inda ramin yake, domin malamin da ya faɗa cikinsa zai cuci kansa, ya kuma cuci yaran da aka ba shi amana.

Yadda Ake Bikin Ranar

Indiyawa suna kiran wannan rana Gandhi Jayanti. Kalmar "jayanti" a harsunansu tana nufin bikin zagayowar ranar haihuwar wani babban mutum. Duk da ɗimbin bukukuwan addinai da na al'adu da ƙasar take da su, ranaku uku kaɗai ne ake ɗauka a matsayin hutun ƙasa baki ɗaya: Ranar Jamhuriya a 26 ga Janairu, da Ranar 'Yancin Kai a 15 ga Agusta, sai kuma wannan ta 2 ga Oktoba. Ita kaɗai ce a cikinsu aka keɓe wa mutum guda.

Da sassafe shugaban ƙasa da firayim minista da sauran manya sukan je Raj Ghat a birnin Delhi, a bakin kogin Yamuna, inda aka ƙona gawar Gandhi bisa al'adar mabiya addinin Hindu. A can sukan ajiye furanni a kan wani dakali na baƙin dutse, sannan a yi taron addu'o'i inda mabiya addinai daban-daban suke karanta wani abu daga littattafansu. A wasu wurare akan zauna a yi kaɗin auduga, domin tunawa da yadda Gandhi ya mayar da kaɗi da saƙar gida makamin ƙaurace wa yadin Ingila. Ba a sayar da giya a wannan rana. Makarantu sukan shirya gasar muhawara da ta rubutun insha'i a kwanakin da suka gabace ta. A irin wannan rana ce kuma, a shekarar 2014, gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da babban shirinta na tsabtace muhalli da gina makewayi, ta kuma jingina shi ga sunan Gandhi.

Ranar ba ta tsaya ga Indiya kaɗai ba. A 15 ga Yuni, 2007, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙudurin da ya mayar da 2 ga Oktoba ranar da duniya za ta riƙa tunawa da aƙidar ƙin amfani da ƙarfi. Abin lura a nan shi ne, Majalisar tana da wata rana daban ta zaman lafiya, wato 21 ga Satumba. Ke nan ko a wurinta abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, kuma mai fassarar da ya kira 2 ga Oktoba "ranar zaman lafiya" ya haɗa abin da aka raba.

Neman Suna

An haifi Gandhi a shekarar 1869 a Porbandar, wani gari na bakin teku a yankin Gujarat, inda mahaifinsa yake riƙe da muƙami irin na waziri. Ya tafi Landan a 1888 ya karanta aikin lauya. A 1893 wani kamfani na 'yan kasuwa Musulmi 'yan Indiya ya ɗauke shi aikin wata shari'a a Afirka ta Kudu. Bai daɗe da sauka ba aka fitar da shi daga jirgin ƙasa da ƙarfin tsiya a tashar Pietermaritzburg, saboda ya zauna a taragon da Turawa suke ganin nasu ne, alhali yana riƙe da tikitinsa. Ya je da niyyar shekara guda, sai ga shi ya yi shekara 21.

A 11 ga Satumba, 1906, Indiyawa mazauna Johannesburg suka yi babban taro suka yi rantsuwa cewa ba za su bi wata sabuwar doka ba, wadda ta tilasta musu yin rajista da dangwala yatsu kamar masu laifi. Suka amince za su ƙi bin dokar a fili, su karɓi ɗauri, amma ba za su taɓa kowa ba. Da farko aka riƙa kiran wannan salo da wani suna na Ingilishi mai ma'anar turjiyar wanda ba ya iya kataɓus. Daga baya Gandhi bai gamsu da sunan ba, domin yana nuna cewa makamin raunana ne, waɗanda da za su sami bindiga da sun harba. Saboda haka ya sa gasa a jaridarsa, Indian Opinion, a samo suna daga harsunan gida. Wani ɗan'uwansa mai suna Maganlal ya kawo "sadagraha", shi kuma ya gyara ta zuwa "satyagraha". Kalmar haɗaɗɗiya ce: "satya" gaskiya, "agraha" riƙo da ƙarfi ko nacewa. Ma'anarta ke nan riƙon gaskiya gam-gam.

Akwai kuma wata tsohuwar kalma da ya gada daga addinan ƙasarsa, wato "ahimsa". A nan "himsa" cutarwa ce, "a-" kuwa ɗafa-goshi ne na korewa, mai aiki irin na "rashin" a Hausa. Ke nan Gandhi yana da kalmomi biyu: ɗaya tana faɗin abin da mutum ba zai yi ba, ɗayar tana faɗin abin da zai yi. Wanda ya fassara aƙidar da "rashin tashin hankali" ya kama ta farko ya saki ta biyu. Ai maƙabarta ma babu tashin hankali a cikinta.

To, mu dawo ga amsar ɗalibaina. Mai karatu ya dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) Audu ya yi haƙuri da maƙwabcinsa.
(b) Audu ya haƙura da gonarsa.

Saiwar kalmomin ɗaya ce, amma duk Bahaushe ya san bambancinsu. A jimla ta farko Audu yana jure wani abu mai zafi, kuma har yanzu yana nan a tsaye. A jimla ta biyu Audu ya saki abin da yake nasa, ya sallama. Ana iya yin na farko ba tare da na biyu ba, amma a maganarmu ta yau da kullum mun saba cakuɗa su. Idan aka cinye wa maraya gado aka ce masa "yi haƙuri", abin da ake nufi a zahiri shi ne "ka haƙura". Ramin da na ambata ke nan. Abin da Gandhi ya koyar shi ne mutum ya yi haƙuri da duka da ɗauri da zagi, amma kada ya haƙura da haƙƙinsa, kada kuma ya haƙura da gaskiya. Hasali ma a 1920 ya rubuta cewa da za a ce zaɓi biyu kaɗai ya rage, tsoro ko faɗa, to da faɗa zai ba da shawara. Da za a tilasta mini in ba aƙidar suna da Hausa, sai in ce "tsayin daka a kan gaskiya cikin lumana".

A laccar da A. H. M. Kirk-Greene ya gabatar a kan "mutumin kirki" a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya jero halaye goma, cikinsu har da gaskiya da amana da haƙuri da adalci. Abin da nake jawo hankalin ɗalibai a kai shi ne, a cikin jerin haƙuri ba shi kaɗai yake tafiya ba. Idan aka raba shi da gaskiya da adalci, abin da ya rage haƙurin jaki ne da kaya.

Baba da Gishiri

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan bambanci ita ce a dubi aikin da aƙidar ta yi. Bayan Gandhi ya koma gida a 1915, gwajinsa na farko shi ne a gundumar Champaran a 1917. A can Turawa masu manyan gonaki suna tilasta wa manoma su shuka baba, wannan dai da muka sani a marina, a kashi 3 cikin 20 na gonakinsu, su kuma sayar musu a farashin da suka ga dama. Da Gandhi ya isa, hukuma ta ba shi takardar ya fice daga gundumar. Ya ƙi. Ya je kotu da ƙafarsa, ya amsa cewa ya saɓa umarnin, ya ce a yanke masa hukunci. Hukuma ta rasa ta cewa, ta janye ƙarar. Shi da abokan aikinsa suka zauna suka rubuta bayanan dubban manoma ɗaya bayan ɗaya, har aka kafa kwamitin bincike, aka kuma soke tsarin da doka a 1918. A lura da kyau: alƙalami da takarda da hujja su ne suka yi aikin.

Misali mafi shahara shi ne na gishiri. Gwamnatin mulkin mallaka ta mallake harkar gishiri, ta ɗora masa haraji, ta kuma haramta wa mutum ya ɗebi wanda teku ta bari a bakin gaɓa. Wasu 'yan siyasa sun yi mamakin yadda za a yaƙi daula da gishiri. Amma Gandhi ya san cewa babu tukunyar da ba ta buƙatarsa, ta Hindu ce ko ta Musulmi, ta mai kuɗi ce ko ta talaka. Kafin ya motsa sai da ya rubuta wa wakilin Sarkin Ingila a Indiya, Lord Irwin, wasiƙa ya shaida masa abin da zai yi. A 12 ga Maris, 1930, yana ɗan shekara 60, ya fito da mabiya 78 daga mazauninsa na Sabarmati, suka taka kimanin kilomita 385 a ƙasa cikin kwana 24 har zuwa ƙauyen Dandi. A 6 ga Afrilu ya sunkuya ya ɗebi ƙasa mai gishiri, ya karya doka a bainar jama'a. Kafin shekara ta ƙare an ɗaure mutum fiye da 60,000.

A 21 ga Mayu, bayan an kama Gandhi, marubuciyar waƙoƙi Sarojini Naidu ta jagoranci mutum kimanin 2,500 zuwa ma'aikatar gishiri ta Dharasana. Suka riƙa matsowa sahu-sahu, 'yan sanda suna fasa musu kai da kulake masu bakin ƙarfe. Sahu yana faɗuwa, a kwashe shi, wani ya matso. Babu wanda ya ɗaga hannu ko don kare kansa, kuma babu wanda ya juya. Ɗaruruwa suka jikkata. Wani ɗan jarida ɗan Amurka, Webb Miller, ya aika da labarin, jaridun duniya suka buga. Duk wanda ya ce waɗannan mutane matsorata ne, bai san tsoro ba. Gudu abu ne mai sauƙi, ramuwa ma jiki ya san ta. Abin da yake buƙatar horo shi ne mutum ya ga kulki yana saukowa, ya ƙi gudu, ya ƙi ramawa.

Hikimar da ke ciki ba ɓoyayya ba ce. Turawan da ke mulkin Indiya 'yan ƙalilan ne idan aka kwatanta da miliyoyin da suke mulka. Akawu da ɗan sanda da mai karɓar haraji da mai sayen yadi duk 'yan ƙasa ne. Idan waɗannan suka janye hannu, mulki ya tsaya. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai dai da zarar an jefi ɗan sanda da dutse, an ba hukuma hujjar da take nema, an kuma koma fagen da ta fi kowa ƙwarewa a cikinsa. Wannan ne ya sa a Fabrairun 1922, lokacin da masu zanga-zanga a garin Chauri Chaura suka banka wa ofishin 'yan sanda wuta bayan an harbe wasu daga cikinsu, 'yan sanda 22 suka mutu, Gandhi ya dakatar da gwagwarmayar ƙin ba da haɗin kai a faɗin ƙasar, alhali tana kan ganiyarta. Abokansa da yawa sun ji haushi ƙwarai. Shi kuwa a ganinsa iri da 'ya'ya ba sa saɓawa, wanda ya shuka ƙaya ba zai girbe gero ba.

Daga Peshawar Zuwa Kano

Wani ɗalibi yana iya cewa wannan ai aƙidar Hindu ce, me ya haɗa mu da ita? Amsar tana wurin Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmi ɗan ƙabilar Pashtun, ƙabilar da ta yi suna wajen riƙe bindiga da ɗaukar fansa. A 1929 ya kafa wata runduna marar makami mai suna Khudai Khidmatgar, wato masu hidima don Allah. Kowane ɗan rundunar yakan yi rantsuwa cewa ba zai yi faɗa ba, ba zai ɗauki fansa ba. Ghaffar Khan ya sha bayyana cewa tushen tafarkinsa shi ne juriyar Musulmin farko a Makka. A 23 ga Afrilu, 1930, sojoji suka buɗe wa taron mutanensa wuta a wata kasuwa ta birnin Peshawar, aka kashe mutane da yawa, jama'a ba su watse ba, ba su kuma rama ba. A wannan rikici ne wasu sojoji 'yan Indiya na rundunar Garhwal suka ƙi bin umarnin harbi, aka yanke musu ɗauri mai tsawo.

A Afirka ma aƙidar ta bar sawu. Kwame Nkrumah ya yi koyi da ita a yajin aiki da ƙauracewar da ya kira a ƙasar Gana a Janairun 1950. A Amurka, Martin Luther King ya gina fafutukar baƙaƙen fata a kanta, har ya ziyarci Indiya a 1959. A nan gida kuwa, masu rubuta tarihin Malam Aminu Kano sun ambaci Gandhi cikin mutanen da tunaninsu ya yi masa tasiri. Ya kamata malaman gobe su tuna cewa Malam Aminu da alli ya fara. Ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi, ya yi karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan daga 1946 zuwa 1947, daidai lokacin da Indiya take dab da samun 'yanci, sannan ya koyar a Kwalejin Horon Malamai ta Maru kafin ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi siyasar NEPU. Babban darasin da ya koya wa talaka shi ne ya iya cewa a'a ga zalunci. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala, abin da suka ƙi yi shi ne su haƙura.

Inda Gizo Yake Saƙa

Ba daidai ba ne malami ya gabatar wa yara da mutum kamar ba shi da aibi. A shekarunsa na farko a Afirka ta Kudu, Gandhi ya rubuta kalaman raini a kan baƙaƙen fata, ya kuma nemi kada hukuma ta haɗa Indiyawa da su a matsayi ɗaya. Masu kare shi suna cewa ya sauya daga baya, amma rubutun yana nan. Saboda shi ne wasu malaman Jami'ar Gana da ke Legon suka yi ƙorafi a kan mutum-mutuminsa da aka kafa a harabar jami'ar a 2016, har aka cire shi a Disambar 2018. A Indiya ma, Dakta B. R. Ambedkar, jagoran waɗanda tsarin ɗabaƙoƙin Hindu ya mayar ƙasƙantattu, ya yi masa kakkausar suka. A 1932 Gandhi ya shiga azumin ƙin cin abinci domin hana a ba waɗannan mutane mazaɓu na daban, Ambedkar ya ga cewa wannan ma tilastawa ce, ko da babu sanda a cikinta.

Haka kuma ba Gandhi kaɗai ya kori Turawa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya karya tattalin arzikin Ingila, sojojin ruwa 'yan Indiya sun yi bore a 1946, akwai kuma waɗanda suka ɗauki makami irin su Subhas Chandra Bose. A Afirka ta Kudu, bayan an harbe mutum 69 a Sharpeville a 1960, Nelson Mandela ya yanke cewa lumana kaɗai ba za ta wadatar ba. Waɗannan duk batutuwa ne da ɗalibi mai hankali zai auna da kansa.

Babban abin baƙin ciki shi ne yadda 'yancin ya zo. A Agustan 1947 aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, ɗaruruwan dubbai suka hallaka a rikicin Hindu da Musulmi da mabiya Sikh. Ranar da ake shagalin 'yancin kai a Delhi, Gandhi yana Kalkata yana azumi a wani gida na unguwar da rikici ya ɗaiɗaita. A watan Satumba ya ƙi cin abinci har sai da shugabannin ɓangarorin suka yi alkawarin daina kisa, birnin ya lafa. A wannan lokaci ne ya faɗi wata magana mai nauyi, cewa ya gano abin da yawancin mutanensa suka yi a shekarun baya turjiyar raunana ce, ba tsayin daka na gaskiya ba. Sun ajiye makami ne don Bature ya fi su ƙarfi, da suka sami maƙwabcin da suka fi ƙarfi, sai suka ɗauka. A 30 ga Janairu, 1948, wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe shi a Delhi yana kan hanyar zuwa taron addu'a, bisa zargin yana sassauta wa Musulmi. Yana da shekara 78.

Darasin da na ɗauka a nan shi ne, ba a auna lumanar mutum a gaban wanda ya fi shi ƙarfi. A gaban wanda ya fi ƙarfi ake auna ta. Wannan kuwa ya kawo mu cikin aji.

Malami da Bulala

Gandhi ya taɓa zama malamin makaranta. A 1910 aka kafa wata gona kusa da Johannesburg mai suna Gonar Tolstoy domin iyalan waɗanda aka ɗaure, shi ne kuma ya riƙa koyar da yaran, Hindu da Musulmi da Kirista a aji ɗaya. Ya dage a koya musu harsunan iyayensu, ra'ayin da ya riƙe har zuwa taron ilimi na Wardha a 1937, inda aka amince cewa yaro ya yi karatun farko da harshen uwa. Wata ƙa'idar makarantar kuma ita ce malami ba ya sa yaro aikin da shi kansa ba ya yi. A tarihin rayuwarsa, wanda ya rubuta da harshen Gujarati, ya ba da labarin wani saurayi ɗan shekara 17, mai taurin kai da ƙarya da faɗa. Wata rana yaron ya kai shi bango, sai ya ɗauki rula ya buga masa a hannu, jikinsa yana rawa. Yaron ya fashe da kuka ya nemi gafara, bai kuma sake yi masa rashin biyayya ba. Duk da haka Gandhi ya ce bai daina nadamar wannan duka ba, domin abin da ya nuna wa yaron a ranar fushinsa ne, ba tarbiyya ba. Dukan ya yi aiki, amma bai karɓi wannan a matsayin hujja ba.

Na shekara da shekaru ina zagaya makarantun firamare domin duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Na san halin da suke shiga: aji mai yara tamanin ko fiye, babu isassun kujeru, ga zafi, ga surutu. Da yawansu abin da suke fara tanada, tun kafin tsarin darasi, shi ne tsumagiya. Wani ya taɓa ce mini, "Malam, Allah ya gafarta maka, yaran nan in ba su ga bulala ba raina mutum suke yi. Ai jiki magayi." Na ce masa ya lura da abin da jikin yake gaya wa yaron. Yana gaya masa cewa wanda ya fi ƙarfi shi ke da gaskiya. Yaron zai haddace wannan darasi fiye da jadawalin lissafi, zai gwada shi a kan ƙaninsa da yamma, a kan matarsa bayan shekara ashirin, a kan maƙwabcinsa ranar da gari ya rikice.

Akwai kuma wani rukuni da ya fi ba ni tsoro, wato waɗanda suka ji an ce duka ba kyau, sai suka saki ajin gaba ɗaya. Yara suna tsalle a kan benci, malami yana bakin taga yana latsa waya. Idan ka yi magana ya ce, "Malam, haƙuri muke yi da su." Wannan ba haƙuri ya yi da su ba, haƙura ya yi da su. Ya sallama su kamar yadda Audu ya sallama gonarsa.

A wata makarantar ƙauye na ga ɗalibarmu da ta fahimci bambancin. An ba ta aji huɗu da kowa yake gudu. Takan riga kowa zuwa, ta ɗauki tsintsiya tare da masu shara. Ta shaida wa yaran dokokinta tun ranar farko, da abin da zai biyo bayan karya su. Idan surutu ya tashi sai ta ajiye alli ta tsaya shiru tana kallonsu, kuma duk mintin da aka ɓata sai an rama shi daga lokacin tara. Wanda bai yi aikin gida ba zai zauna ya yi shi a gabanta, ita ma ta zauna tare da shi, ta rasa nata hutun. Wani yaro da ya addabi ajin, ta bi sawunsa har gida, ta tarar ashe talla yake yi da asuba kafin ya zo, ko karin kumallo ba ya samu. Makonnin farko ta sha wuya. Da na koma zagaye na biyu, ajinta ne kaɗai ake jin muryar malami daga waje ba tare da ƙarar bulala ba. Wannan hanya ta fi duka tsada, domin malamin ne yake biyan kuɗinta da lokacinsa da jikinsa.

A matsayina na mai nazarin harshe, dole in ƙara da cewa bulala ba ta fata kaɗai ba ce. Gandhi ya ɗauki cutarwa da baki a matsayin cutarwa. Malamin da ya ajiye tsumagiya amma yake kiran yaro "jaki" ko "daƙiƙi" a gaban 'yan'uwansa bai ajiye komai ba. Shatar bulala takan baje cikin mako, amma na san dattawa masu furfura da har yau suke tuna sunan da wani malami ya laƙaba musu a aji uku. Magana zarar bunu ce.

Kammalawa

Wannan muƙala ta dubi ranar 2 ga Oktoba da mutumin da aka keɓe ta dominsa, da nasarorinsa da kurakuransa. Ta nuna cewa aƙidarsa tana da ƙafa biyu, ƙin cutarwa da riƙon gaskiya, kuma Hausa tana da kalmomin da za su bambance ta da miƙa wuya, muddin mun yi amfani da su da lura. Ba a neman malami Bahaushe ya yi bikin wata ƙasa, ko ya ɗauki Gandhi waliyyi. Shawarata ga ɗalibai ita ce, idan kun kama aiki wannan rana ta zagayo, ku ware minti goma a darasin Hausa. Ku rubuta jimlolin nan biyu na Audu a allo, ku bar yara su faɗi bambancinsu da bakinsu, sannan ku ba su labarin gishiri. Kafin ku yi haka kuwa, ku tabbata babu tsumagiya a kan teburinku, domin yara sun fi karanta hannun malami a kan abin da ya rubuta a allo.